Yadda Na Mayar da Doktora Gida

Tas, tas-tas. Wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ne Doktora take jefawa cikin mai mai zafi su yi ta fashewa, sai ƙamshinsu ya biyo manwar, wato ramin tsakiyar bene inda tagogin kicin suke kallon juna, ya sauko har ɗakinmu. Da na ji wannan ƙara na san ta dawo daga aiki, sai in ɗauki littafin kimiyya in yafa mayafi in hau sama. Haka na yi ranar da na je yi mata wa'azi.

Doktora 'yar Indiya ce, Musulma, tana zaune a hawan da ke saman namu a unguwar Ruwais ta Jidda ita da mijinta da 'yarsu. Ba likitar duba marasa lafiya ba ce. A ƙasarsu ta yi karatu mai zurfi a kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan sha, a Jidda kuma tana aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, tana duba jini da fitsarin masu neman iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Umma kan aika mata masa ranar Juma'a, ita kuma ta ɗauki nauyin koya mini kimiyya da Turanci, domin makarantarmu da Larabci ake komai. Larabcinta na kasuwa da asibiti ne, Turancina kuma bai yi ƙafa ba, amma muna fahimtar juna. Sha'ira take ce mini, wato mai waƙa, tun ranar da ta kama ni ina rubuta baiti a gefen jadawalin sinadarai.

Shekarar ce nake gama sanawi, wato sakandare. A Jidda aka haife ni, Umma ma a nan aka haife ta, amma a takarda mu baƙi ne, kuma ƙofar jami'a ba ta buɗe wa irina ba. Baba, wanda ya zo daga Kano yana saurayi ya zama direban wani kamfani a tashar jirgin ruwa, ya zaunar da ni ya ce zaɓi biyu ne. Ko in tafi Kano wajen Goggo, ƙanwarsa, in yi shekarar share fage in shiga jami'a, ko in zauna a gida in ga abin da Allah zai yi. Idan na tafi na daɗe, iƙamata za ta iya mutuwa, Jidda ta zama garin da sai na nemi izini kafin in shiga.

"Ba zan matsa miki ba, uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Amma kafin Ramadan ina son amsa."

Umma kuwa amsarta a shirye take. "Ba inda za ta. Yarinyar da ko sauro ɗaya ya cije ta sai ta kwanta? Halas, a bar maganar."

Ni kuma na yi abin da na fi iyawa, na shiga mafarki. Ƙasashe biyu nake da su a kaina, ko ɗaya ban taɓa takawa ba. Kano ta bakin Baba na san ta: ruwan sama da ake jin ƙamshinsa kafin ya iso, da mangwaro da yara ke ci har su ƙoshi su bar saura. Indiya kuwa daga kaset ɗin bidiyo, inda kowane ɗa da ya yi nisa yakan dawo a jirgin ƙasa, uwarsa tana bakin ƙofa, gonaki kore shar, mutanen gari duka sun san rawar da za a yi ba tare da an koya musu ba. Ina son komawa gida ƙwarai, muddin wani ne zai koma ni ina kallo daga tagarmu.

Ana cikin haka na karanta wani rubutu a mujallar Larabci a kan abin da suka kira hijirar ƙwaƙwale, yadda ƙasashe matalauta suke rainon masana da guminsu, sai su tashi su tafi yi wa wasu aiki. An ba da misali da masanan Indiya. Na karanta sau biyu, hawaye ya zo mini. Ga ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen nan a saman kaina tana soya albasa, ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya.

Na same ta a kicin da cokali a hannu. Ban ko buɗe littafi ba na fara. Na ce mata ƙasa uwa ce. Na ce akwai yara a ƙauyukan Indiya da suke shan ruwa mai cuta, ita kuma da ta san sunan kowace ƙwaya tana nan tana leƙa fitsarin direbobi. Na ce ilimi kamar kogi ne, ya kamata ya koma ya shayar da inda ya ɓuɓɓugo. Kogi ba ya komawa baya, na sani yanzu, amma a lokacin jimlar ta yi mini daɗi a baki.

Ta rage wutar risho ta dube ni ta saman tabarau.

"Sha'ira, sau nawa kika je Nijeriya?"

"Ban je ba tukuna. Amma tana cikin jinina."

"Na duba jininki bara. Ƙarancin ƙarfe na gani." Ta miƙo mini albasa da wuƙa. "Yalla, yanka, sannan ki gaya mini abin da zai faru in aka zuba asid a kan alli."

Na sauko ina ganin na yi nasara. Wanda magana ta shiga jikinsa ne yake mayar da ita wasa, haka na gaya wa kaina.

Ba a daɗe ba Umma ta shigo da labari daga bakin matar haris, mai gadin benenmu. Doktora ta ajiye aiki, mijinta ma haka, kafilinsu, ɗan ƙasar da ya tsaya musu a takarda, ya sa hannu, an buga musu khuruj niha'i, fitar da ba dawowa. Kujerunsu ma an yi cinikinsu.

A wurinmu wannan fita ma'anarta ɗaya ce. Duk wanda muka sani da ya bar Jidda gaba ɗaya gida ya koma, ko ya tafi da akwatunansa da mutuncinsa, ko an kama shi ba takarda an sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Mutumin Kano ya koma Kano, na Damagaram ya koma Damagaram, Bayamane ya koma Yaman. Duniya wuri biyu ce, nan da gida. Ko Umma ko matar haris ko ni, ba wadda ta ga dalilin tambayar ina za su. Kamar ka tambayi mai ihrami ina ya nufa ne.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ni ce. Ni, 'yar shekara goma sha takwas, na mayar wa Indiya da ƙwaƙwalwa guda, da ta mijinta a matsayin gyara. Na yi ta tunanin wata rana za a buɗe famfo a wani ƙauye, ruwa ya zubo garau, wata tsohuwa ta tambayi Doktora me ya dawo da ita, ta ce wata yarinya ce a Jidda.

Daren bai yi ba na tari Baba a ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Baba, zan tafi Kano."

"Kin yi tunani?"

"Wanda ya nuna wa wani hanya bai kamata ya tsaya a baya ba."

Ya dubi Umma, Umma ta dubi silin. Bai gane abin da nake nufi ba, amma ya ji amsar da yake so. Washegari ya je shagon waya ya kira Goggo, kafin mako ya zagayo dangin Kano sun san uwar Baba tana tafe, har an fara gyara mini ɗaki. Umma ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana sai ta hanyar tukunya, ta ajiye ta da ƙarfi, ta ɗauke ta da ƙarfi.

Abin da ya sasanta mu shi ne tsaraba. Ko fushi Umma take yi, ba za ta bari maƙwabciya ta koma gida hannu biyu ba. A al'adarmu mai komawa ba kansa ake yi wa sayayya ba, mutanen da zai tarar ake yi wa, musamman uwa in tana raye. Matan bene suka haɗa abin da ya sawwaƙa, ni da Umma muka shiga kasuwar Bab Makka da la'asar. Muka sayi darduma mai laushi saboda gwiwar tsohuwa, da kwalin dabino, da carbi, da turaren wuta, da yadi mara nauyi saboda zafin Indiya. Baba ya kawo jarkar zamzam daga Makka. Sai Umma ta tsaya a gaban wani shago ta nuna wata fitila mai caji, irin mai dogayen ƙwai biyu da mariƙi.

"Wannan fa, Umma?"

"Gida ai gida ne. Duk gidan da na taɓa jin labarinsa wuta ake ɗaukewa."

Duk wannan a ɓoye muka yi. Na ci gaba da hawa sama darasi, ina ganin kwalaye suna taruwa a falo, ban ce komai ba. Ina jira ita ta fara, ta riƙe hannuna ta ce na gode. Da ba ta ce ba, sai na ɗauka nauyin abin ne ya hana ta. Sau ɗaya na ga wata jibgegiyar riga mai gashi a wuya a kan kujera, na ce a raina lallai garinsu kusa da duwatsun nan masu ƙanƙara yake, inda ake rawa a fim.

Ranar sallama muka shimfiɗa a falonmu bayan la'asar. An yi masa da sambusa, ga shayi ga gahawa, mata sun cika ɗaki, ƙananan 'yan mata suna ta hira da Larabci, iyayensu suna ba su amsa da Hausa. Hajja, tsohuwar da ke hawan ƙasa, wadda ta zo aikin haji tun kafin a haifi Umma, aka ba ta kusa da Doktora. Aka jera kayan tsaraba a tsakiya. Doktora ta yi ta dubansu, ta ɗaga fitilar ta juya ta, ta ajiye.

Sai Umma ta ce, "Yarinyar nan ta yi miki waƙa. Tashi, ya binti."

Na tashi. Waƙar da Larabcin makaranta na yi ta, mai tsawo. Akwai tsuntsuwa a ciki wadda ta gaji da bishiyar aro. Akwai jirgin ƙasa, akwai uwa a bakin ƙofa. A baitin ƙarshe na sako kaina, na ce ni ma ga ni nan a bayanki, ke gabas ni yamma, kowa zai kai wa ƙasarsa fitilarsa. Wata maƙwabciya ta share ido da gefen mayafi. Hajja ba ta ji rabi ba amma ta ce masha Allah da ƙarfi.

Doktora ta jawo ni kusa. "Ban kama duka ba. Tsuntsuwar nan ni ce?"

"Ke ce."

"Ina za ta?"

"Gida mana. Indiya."

Ta dubi darduma, ta dubi yadin, ta dubi fuskokin mata. Na ga lokacin da ta gane. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Ya Allah. Ya jama'a, ni Kanada za ni."

Hajja ce ta fara magana.

"Kanada? To, masha Allah. Ta wajen ina take a Indiyar?"

'Yan mata suka fashe da dariya, uwayensu suna zungurinsu. Umma ba ta yi dariya ba. Ta matso.

"Doktora, wa kike da shi a can?"

"Ba kowa."

"Mijinki ɗan can ne?"

"A'a. Layinmu ɗaya da shi a garinmu."

"To mutum ya bar inda ba nasa ba, ya tafi wani inda ba nasa ba?"

Doktora ta yi bayani da guntun Larabcinta. Ta ce a nan kowace shekara sai an sabunta mata zama, ran da kafili ya ce ya isa, ya isa. 'Yarta tana girma, za ta zo ta tsaya a ƙofar da na tsaya. A gida kuma masu irin karatunta sun yi yawa, kujerun kaɗan ne, abokanta da suka tsaya wasu har furfura ta fara fito musu suna jira. A Kanada an ce idan ka zauna ka yi aiki, wata rana za a ba ka takardar zama ɗan ƙasa.

"A ba ka?" in ji Hajja. "Haka kawai? Ni shekarata nawa a nan, ko mabuɗin banɗakin masallaci ba a ba ni ba."

Aka sake dariya, wannan karon har da Doktora. Wata ta ɗaga yadin mara nauyi ta tambaya ko ana zafi a can. Doktora ta ce ruwa ma daskarewa yake a famfo. Ni dai ina tsaye da takardar waƙa a hannu, ba wanda ya ce in zauna. A hankali na naɗe ta ƙanana na cusa a ƙarƙashin farantin sambusa.

Da aka watse, Umma ta ce in taya Doktora hawa da kaya. Na ɗauki jarka da fitila na bi ta. Falonta ba komai sai kwalaye. Na ajiye kayan na tsaya ina kallon bango inda hotuna suka bar alama.

"Na ce wa Baba zan tafi Kano," na ce. "Saboda ke."

"Saboda ni?"

"Na zaci maganar da na yi miki ce ta sa."

"Wace magana?"

Ta manta. Wa'azin da na yi ta maimaita wa kaina har na haddace, kogi da uwa da yaran ƙauye, ita ko alamarsa babu a kanta. Da na tuna mata, ta zauna a kan kwali ta yi dariya har tabarau ya zame. Ta ce takardun Kanada tun ina aji ɗaya na sanawi suka tura su.

"To yanzu in fasa?" na ce. "Ki gaya mini. Ke kin san gida, kin ƙi komawa. Ni ban ma san shi ba."

Ta daina dariya. "Ban ƙi ba, sha'ira. Kada ki sa wannan a waƙa." Ta gyara tabarau. "Ba zan ce miki Kano za ta yi miki daɗi ba, ban san ta ba, ke ma haka. Abin da na sani, kanki yana ɗaukar kimiyya. In kika zauna a nan, waƙa za ki yi ta yi, kuma na ji waƙar yau."

"Ba ta yi daɗi ba?"

"Tsuntsuwa a jirgin ƙasa? Me ya sami fukafukanta?"

Ta ce darduma da dabino da zamzam za ta ba wani mai tafiya ya kai wa mahaifiyarta, za ta ji daɗi, za ta yi wa Umma addu'a. Fitilar kuwa ta ɗora mini a hannu ta ce in sauka da ita, ni ce mai zuwa inda za ta yi aiki.

Umma ta riga ta ba Baba labari, da ƙari. Na same shi yana shan shayi yana ƙoƙarin gyara fuskarsa.

"Uwata, na ji almajirarki ta ɓata hanya."

"Baba, don Allah."

"To. Magana ta gaskiya, in kin fasa ki faɗa. Zan kira Goggonki in ce ba ki da lafiya. Ba wanda zai ƙi yarda."

Umma tana bakin ƙofar kicin, ta daina goge kofin da ke hannunta. Kalma ɗaya ce tsakanina da zama a Jidda, kusa da ita, da teku, da duk abin da na sani. Ina so in rubuta cewa kishin ƙasa ne ya hana ni faɗinta, ko son ilimi. Abin da ya zo mini a zahiri shi ne fuskokin matan nan. Na tsaya a gabansu na ce ga ni nan tafe, ke gabas ni yamma. In na zauna, duk bikin da aka yi a Ruwais sai wata ta tambaye ni, sha'ira, ya labarin yamma? Hajja kaɗai ta ishe ni.

"Zan tafi," na ce.

Umma ta koma kicin. Ba ta buga tukunya ba wannan karon, kuma da ta buga da ya fi mini sauƙi.

Doktora ta tashi bayan ƙaramar salla, ni bayan babba. A Kano na tarar da ruwan saman Baba da ƙamshinsa kamar yadda ya faɗa, na tarar da abubuwa da yawa da ya manta bai faɗa ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni a watan farko. 'Yan ajinmu suka sa mini Balarabiya saboda yadda nake furta wasu haruffa daga maƙogwaro, ni da na taso ana ce mini baƙuwa a inda aka haife ni. Na gama karatun, na sami aiki a wani ɗakin gwaji, ina duba jini da fitsari. Iƙamata ta mutu a shekara ta biyu, kamar yadda Baba ya faɗa. Yanzu in zan ga Umma sai da bizar umara.

A irin wannan zuwan ne, bayan shekaru da yawa, muna tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, a kicin, Umma ta ce mini Doktora ta zo umara ta biyo ta gaishe su, ta tambaye ni. Doktora ta sami takardar zama 'yar ƙasa da ta je nema. Sai dai Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, ranar da ta karɓi fasfon Kanada nata na haihuwa ya tashi aiki, aka soke shi. Da mahaifiyarta ta kwanta ciwon ajali, sai da ta bi layi a ofishin jakadancin Indiya tare da masu zuwa yawon buɗe ido ta nemi biza.